Yadda ake zaɓen littafin bincike na gaba, a kuma karance shi Asabar da Lahadi ba tare da aikin gida ya tsaya ba

Duk wanda ya saba karanta littattafan bincike, irin waɗanda ake kisa ko sata tun a babin farko sannan a yi ta neman wanda ya aikata har shafin ƙarshe, ya san yadda ake ji in an gama guda mai daɗi. Ka rufe shi ka rasa wanne zaka ɗauka, ka fara wannan ka ajiye, ka buɗe wancan a waya ka yi shafi biyar ka koma Facebook, kafin ka ankara Lahadi ta yi yamma baka karanta komai ba. Yawancin mutane suna ɗauka laifin littafin ne. Ni dai a ganina ba daga nan matsalar take ba, daga zaɓen ne, saboda ana fara duba littafi alhali ƙarshen makon ya kamata a fara dubawa.

Dalili kuwa shi ne littafin bincike ba ya jure a yi ta katse shi. Labarin soyayya zaka iya ajiye shi kwana huɗu ka dawo ka ɗora ba abin da ya ɓace maka, amma a nan sai ka riƙe waye ya ce yana ɗaki ƙarfe tara, wacece ta ce bata ji ƙarar ƙofa ba, me yasa direba ya canza magana, in waɗannan suka zube daga kanka toh in an fasa ƙwan a ƙarshe ba zaka ji komai ba, kawai zaka ga an kama wani ne. Shi yasa tsarin da zan kawo yake farawa tun ranar Alhamis.

Mataki na farko: ranar Alhamis da daddare ka lissafa awoyinka na gaskiya

Ka zauna ka bi Asabar da Lahadin da ke tafe ɗaya bayan ɗaya. Akwai ɗaurin aure? Akwai suna ko kamu ko gaisuwar rasuwa da ba a je ba? Wanki nawa ya taru, yaushe za a je cefane, wa zai kai yara Islamiyya wa zai ɗauko su, akwai tsifa da kitso, akwai baƙin da suka ce zasu zo, in kai mai kallon ƙwallo ne ƙarfe nawa kulob ɗinku zai buga. In Asabar ɗin ƙarshen wata ce kuma kana Kano ka tuna da tsaftar muhalli, daga bakwai zuwa goma na safe ba fita, wanda in ka gama sharar ƙofar gidanka da wuri ka samu lokaci kyauta. Abin da ya rage bayan duk wannan shi ne lokacin karatunka, kuma kada ka yaudari kanka ka sa awoyin dare bayan ƙarfe sha ɗaya a lissafi, ido ya riga ya gaji, kuma Asuba na jira.

Sai ka auna gudun karatunka sau ɗaya kawai, zai yi maka amfani har abada. Ɗauki kowane littafi ka sa agogon waya minti 10 ka karanta yadda ka saba, ka ƙirga shafukan. In ka yi 6, kenan kana yin 36 a awa, littafi mai shafi 220 zai ci maka awa 6 da 'yan mintoci. In na Turanci ne ko Faransanci kuma kana tsayawa duba ƙamus, ƙara awa ɗaya ko biyu a kai. Yanzu kana da lamba biyu a hannu, awoyin da kake da su da awoyin da littafi ke buƙata, daidai ruwa daidai tsaki.

Amma ba yawan awoyin kaɗai ba, har da yadda suka rarrabu. Awa huɗu a jere daban, awa huɗu da aka yayyanka minti ashirin-ashirin tsakanin tukunya da ƙofa da kukan jariri daban. Riƙe wannan, zamu dawo kansa.

Mataki na biyu: ka tambayi kanka me ya burge ka a wanda ka gama

Wannan shi mutane suka fi tsallakewa. A ce littafi ya yi daɗi bai isa ba, mene ne ya yi daɗin? Wani abin da ya kama shi wasa ƙwaƙwalwa ne, a ba shi mutum takwas a gida ɗaya kowa da dalilin da zai sa ya yi kisan, shi kuma ya yi ta auna su. Wani kuwa shi mai binciken ne ya shiga ransa, halinsa, yadda yake magana da mutane, rigimarsa da oganshi a ofis. Wani gudun labarin yake so, bi-ni-in-bi-ka, harbi, mota, amana da cin amana. Wani kuma garin da aka yi labarin ne ya ja shi, yana so ya ji ƙamshin titin da yadda mutanen wurin ke rayuwa. In ka gane naka a cikin huɗun nan ka rage rabin wahala, domin sunan marubuci ko shahararsa ba zai taimake ka ba in ba irin abin da ranka ke so yake rubutawa ba.

Akwai kuma tambayar da ban ga ana yi ba amma tana da muhimmanci: wane hali zuciyarka take ciki wannan satin? In an yi maka rasuwa, ko kana jinya, ko labaran garkuwa da mutane sun riga sun cika maka kai, wallahi ba lokacin littafin da ake kwatanta gawa dalla-dalla ba ne. Akwai masu sanyi, su ma bincike ne.

Mataki na uku: haɗa littafin da irin ƙarshen makon

A nan zan ɗan daɗe don nan ne aikin yake.

In ƙarshen makon a yayyanke yake, biki da baƙi da zirga-zirga, kada ka taɓa dogon littafi, gajerun labarai zaka nema. Arthur Conan Doyle ya fito da mai bincike Sherlock Holmes a 1887, kuma a cikin abin da ya rubuta a kansa dogaye 4 ne kawai, sauran 56 gajeru ne, kowanne zaka gama shi a zama ɗaya tsakanin Azahar da La'asar, ya buɗe ya rufe a nan take, babu abin da zaka ɗauka a ka zuwa gidan biki. Turancinsu na da ne, shafi biyu-uku na farko sai an ɗan daure, daga nan kunne ya saba.

In kana da awa biyar zuwa bakwai kuma aƙalla zama biyu masu tsawo, wannan shi ne filin Agatha Christie. Ta fara a 1920, ta rubuta littattafan bincike 66 kafin ta rasu a 1976, yawancinsu ba su da kauri, kuma ita ce uwa a wajen tara mutane wuri ɗaya ta sa ka zargi kowa. Masu bincikenta biyu ne suka fi fice, Poirot tsohon ɗan sandan Beljiyam mai ji da kai da son tsari, da Miss Marple tsohuwa 'yar ƙauye wadda ke gane mai laifi saboda ya yi mata kama da wani da ta sani a ƙauyensu. Ni na fi tura sabon shiga wajen tsohuwar, don duk wanda ya tashi gidan da akwai kaka mai sa ido ya riga ya san irinta. Masu karatu da Larabci ma ba a bar su ba, an fassara littattafanta da yawa.

'Yan uwa na Nijar da Kamaru da Chadi da ke karatu da Faransanci, kuna da Georges Simenon, ɗan Beljiyam, wanda ya rubuta littafi 75 a kan Kwamishina Maigret na 'yan sandan Faris daga 1931 zuwa 1972. Ƙanana ne sosai, Faransancinsa mai sauƙi, kuma shi Maigret ba alamu yake bi kamar Holmes ba, zama yake yi cikin mutane ya saurare su har ya fahimci abin da ya kai mutum ga aikata laifin. Ya dace da Lahadi mai ruwan sama da ba inda za a je.

In gudu kake so, manyanmu da suka yi sakandare shekarun 1970 da 1980 zasu ce maka James Hadley Chase, Baturen Ingila da ya rubuta wajen littafi 90 yawancinsu a kan Amurka. Ba a ajiye su in an fara, wannan gaskiya ne, amma fa ba wasa ƙwaƙwalwa ba ne, sau da yawa ka san ɓarawon tun farko, kallon yadda zai faɗa rami kake yi. Kuma bangonsu akwai hotunan mata da bai kamata a bari a falo ba, in ka samo ka naɗe shi da takarda. Ƙananan littattafan Pacesetters da kamfanin Macmillan ya fara fitarwa a 1977, waɗanda marubutan Afirka suka rubuta, akwai na 'yan fashi da 'yan fasa-ƙwauri a cikinsu, ana gama ɗaya a yini.

In kuma garin ne ke jan ka, yanzu alhamdulillahi ba sai an je Landan ba. Kwei Quartey yana da Sufeto Darko Dawson na 'yan sandan ciki a Akara, na farkon ya fito 2009. Leye Adenle ya fitar da nasa mai labarin Legas a 2016, Femi Kayode a 2021 ya kai labarinsa yankin Fatakwal a kan kisan wasu ɗalibai uku da taron jama'a suka yi. Jamal Mahjoub, da sunan Parker Bilal, a 2012 ya fara fitar da labarin Makana, tsohon ɗan sandan Sudan da ya yi gudun hijira zuwa Alkahira. Waɗannan sun fi kauri kuma sun fi nauyi a zuciya, musamman na Najeriya biyun, akwai jini akwai maganganun manya, sai ƙarshen mako mai faɗi ko hutun da ya haɗa da Litinin. Mai neman mai sanyi kuwa ya nemi na Alexander McCall Smith da ya fara a 1998, wata mata Mma Ramotswe da ta buɗe ofishin bincike a Gaborone ta Botswana, ƙananan matsaloli ne, miji ya ɓace, ana zargin ma'aikaci, ana shan shayi ana warwarewa. Shi kam ko ana katse ka baya lalacewa, kuma zaka iya miƙa wa 'yarka budurwa ba fargaba.

Na Hausa fa? Akwai marubutanmu da ke sa bincike a labarinsu, a takarda da kuma onlayin, wasu sun iya sosai. Ga ma'aunin da nake amfani da shi. A 1929 wani limamin coci ɗan Ingila, Ronald Knox, ya jera ƙa'idoji goma na irin wannan rubutu, uku daga ciki su ne suka fi min amfani: dole mai laifin ya kasance wanda aka nuna tun farkon labari, dole duk alamar da mai bincike ya gani a nuna wa mai karatu, kuma ba a warware sirri da abin da ya fi ƙarfin ɗan Adam. Wato in an wahalar da kai shafi ɗari biyu sannan a ƙarshe aljani ya bayyana gaskiya ta bakin wata, ko aka yi mafarki, ko boka ya duba ƙasa, labarin zai iya yin daɗi a matsayinsa amma ba bincike ba ne, an hana ka damar ka gano da kanka. Kafin ka sayi na Hausa tambayi wanda ya karanta abu ɗaya tak: da hujja aka kama mai laifin ko da wani abu daban? Ka ce masa kada ya ƙara ko kalma a kan amsar.

Mataki na huɗu: duba ko jeri ne

Gajere ne amma kada a tsallake. Holmes da Maigret da yawancin na Christie zaka iya shiga ta ko'ina. Na zamani kuwa rayuwar mai binciken tana tafiya daga littafi zuwa littafi, aure, rasuwa, ƙarin girma, don haka fara daga na ɗaya. Ko a Christie akwai tarko biyu: littafin Curtain na 1975 shi ne aikin Poirot na ƙarshe, a bar shi sai ƙarshe, sannan a cikin Dumb Witness na 1937 akwai wurin da Poirot ya ambaci sunayen masu kisa na wasu littattafan baya, in ka fara da shi ya ƙona maka su.

Mataki na biyar: gwada littafin ba tare da ka fasa wa kanka ƙwai ba

Bayanin bayan bango layi biyu-uku na farko kawai zaka karanta, wasu kamfanonin suna zuba rabin labarin a wurin. Gabatarwar da ake sa wa tsofaffin littattafai in an sake buga su, wadda wani farfesa ko marubuci ya rubuta, tsallake ta gaba ɗaya sai ka gama, galibi suna ɗauka kowa ya san ƙarshen. Kada ka rubuta sunan littafin ko na wani a cikinsa a Google, tun kafin ka gama bugawa zai iya cika maka da amsar. Shafin farko da na biyu su zaka karanta a tsaye a wurin mai sayarwa: in ka kai ƙarshen shafi na biyu kana son sanin na uku, ya ci jarrabawa.

In na hannu ne, irin wanda ake shimfiɗawa a bakin titi ko a rumfunan littattafai na kasuwa ko ƙofar jami'a, ga abin da ya fi komai: tabbatar shafukan ƙarshe suna nan. Ba littafin da rashin shafi uku na ƙarshe ke kashewa kamar wannan. Ka buɗe ta baya ka rufe rubutun da tafin hannunka, lambar shafi kawai zaka kalla, ka bi su baya-baya kamar guda ashirin ka ga ba tsallake, ka duba ko akwai kalmar ƙarshe ko tallan wasu littattafai da ke nuna nan ya tsaya. Sai ka fifita tsakiyar da babban yatsa, bugun jabu yakan zo da fararen shafuka ko a maimaita wani sashe sau biyu a rasa wani. Duba gindin ɗinkin ko gara ta shiga. Na Hausa da ke zuwa kashi-kashi, na ɗaya na biyu na uku, kada ka bar rumfar sai da duka, in babu na ƙarshe a fasa cinikin.

Na waya kuma tambaya ɗaya ce: kammalalle ne? Labarin da marubuciya ke sakewa shafi-shafi a guruf ɗin WhatsApp ko a Wattpad yana da daɗinsa, amma ba na wannan tsarin ba ne, ba zaka gama Lahadi ba, wani ma ana tsayawa a tsakiya ba a ƙarasa. In kammalalle ne kuma na kuɗi ne, don Allah a biya mai shi kai tsaye a daina karɓar wanda aka sato ana yawo da shi, wanda ya zauna ya ƙulla maka sirri ya warware ya ci guminsa. Tsofaffin na Turanci da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, kamar Holmes da littafin Christie na farko, suna nan kyauta ta halal a shafin intanet na Project Gutenberg. Kuma in kana kusa da laburare, kamar na Murtala Muhammed a Kano, leƙawa ba ta cin komai.

Ka zaɓi guda biyu, babba da ɗan gajere na ko-ta-kwana, saboda baƙi ba sa sallama tun Alhamis.

Mataki na shida: Juma'a, a share wa littafi hanya

Duk aikin da za a iya ragewa daren Juma'a a rage. A jiƙa wanki, a wanke yunifom ɗin yara tun yamma don su bushe Asabar, a gyara kayan miya a markaɗa a tafasa, a rubuta lis ɗin cefane don a je sau ɗaya. In an kawo wuta a yi caji, waya da fitila da fawa bank, kuma a sauke littafin cikin waya yadda zai buɗe ba data. Maigida, wannan sashen har da kai: in kana so a bar ka ka yi awa biyu shiru ranar Asabar, ka ɗauki yara ka fita da su awa biyu ranar Lahadi ita ma uwargida ta samu nata, kuma ka faɗa tun Juma'a don kowa ya san rabonsa. Karatun da ake yi wani na huci a kicin ba ya shiga.

Bayan Isha'i ka karanta babi ɗaya ko biyu kacal. Amfaninsa ka san mutanen labarin ka kwana da su. In ka ga sam bai kama ka ba, yanzu ne lokacin canzawa zuwa na biyun, ba Asabar da yamma ba.

Mataki na bakwai: Asabar

Samu 'yar takarda, ko bayan ambulan ɗin katin biki ma ya isa, ita ce alamar shafinka kuma ita ce rajistarka. Duk wanda ya shigo labari rubuta sunansa da kalma biyu: Roja, ƙanin mamaci, bashi. In sunayen Turawa na rikita ka, kuma suna rikitawa don mutum ɗaya za a kira shi da sunansa a nan, da na mahaifinsa a can, da muƙaminsa a gaba, ka laƙaba musu naka, Dogo, Hajiya mai kare, Likita. Duk inda aka faɗi lokaci rubuta shi. Duk abin da marubuci ya ambata sau biyu ba dalili, agogon da ya tsaya, tagar da aka bari buɗe, kofin da aka wanke, sa masa alama. Wasu ɓad da sawu ne da gangan, amma ba zaka san wanne ba sai gaba.

Aikin ƙarfi da safe, karatu bayan Azahar. Wannan lokacin da rana ta take, an ci abinci, yara sun tafi Islamiyya ko sun kwanta, ba mai ziyara, shi ne zinaren ƙarshen mako, a nan zaka ci sulusin littafin ko fiye. Sa wayar a yanayin jirgi in a cikinta kake karatu, in kana tsoron kiran gaggawa kashe data kawai. Kuma a ƙarshen babi ake tsayawa, ko mafi kyau ma shafi ɗaya cikin sabon babi, saboda marubutan nan da gangan suke rataye ka a ƙarshen kowane babi, in ka leƙa na gaba ka ga abin da ya faru sai ranka ya sake ka ka tashi sallah ko ka duba tukunya hankali kwance. Uwargida, abu ɗaya: ba a haɗa littafin bincike da suya ko da madara a wuta. Dahuwar wake ko farfesun da zai daɗe, eh, amma sa ƙararrawar waya.

Aikin hannu da ba ya son tunani, guga, tsintar shinkafa, ninke kaya, wankin kwanuka, nan ne littafin saurare ke shiga, akwai masu karanta littattafan Hausa a YouTube. Sai dai ni bana so a saurari wanda ake karantawa a takarda, a bar na kunne ya zama wani labarin mai sauƙi, don in hankali ya ɗauke minti ɗaya alamar da ta wuce ta wuce.

In yara sun dame ka da me kake karantawa, kada ka kore su. Bayan Magariba ka basu labarin da bakinka, ka cire abin da bai dace da su ba, ka mai da kisan ya zama satar akuya ko ɓatan sarƙa, ka jera musu waɗanda ake zargi kowa ya zaɓi nasa da dalilinsa. Zaka sha mamakin yaro ɗan shekara tara, kuma kai ma maimaitawar tana zaunar maka da labarin a ka.

Mataki na takwas: Lahadi, tsaya ka yanke hukunci kafin a yanke maka

In ya rage kamar kashi ɗaya cikin biyar, ko ka ga mai binciken ya ce a tara masa kowa a falo, rufe littafin. Ɗauko takardarka, rubuta suna ɗaya, da yadda ya yi, da dalilin da ya sa. Ba a rubuta biyu. Tambayoyin da ke taimakawa: wa ya amfana, wa ya yi ƙarya a kan ƙaramin abu, wa kowa ya yarda da shi ba tare da an bincika ba, kuma wa ya ba da shaidar da ta wanke wani. Ka tashi ka yi wani aiki na rabin awa, shara ko ban ruwan shuka, ka bar abin ya dahu, sannan ka dawo.

Shafukan ƙarshen nan suna son zama ɗaya ba katsewa, don haka kada ka fara su saura minti goma a kira La'asar, ko lokacin da ka san za a dawo da yara. Ka yi ƙoƙari ka gama kafin Magariba. Daren Lahadi na guga ne da duba jakar makaranta da aikin gida da yaro ya ɓoye tun Juma'a, in ka bar babi uku zuwa dare ko dai ka raba dare ka makara Litinin, ko ka karanta su a gurguje ka ɓata abin da ka yi kwana biyu kana ginawa. In ka ga ba zai yiwu ba gara ka ajiye babi ukun cif zuwa daren Litinin, takardarka zata riƙe maka zaren.

Da ka gama, koma baya ka nemo wurare biyu ko uku da aka nuna maka gaskiya ka wuce ta. Wannan minti goman shi ke nuna maka ko marubucin ya yi maka adalci, kuma shi ke yanke ko zaka sake sayen nasa. Sai ka samu wani ɗan littafin rubutu da ka ware, ka sa sunan littafi, marubuci, ka gano ko baka gano ba, da abu ɗaya da ya fi burge ka cikin huɗun nan na mataki na biyu. In ka gano mai laifi cikin sauƙi sau biyu a jere wurin marubuci ɗaya, ka fara gane hannunsa, huta masa wata biyu ka koma wani. In wanda ka gama mai nauyi ne, na gaba ya zama mai sanyi. In kuma wani ya zo aro, cire takardarka daga ciki kafin ka miƙa, sunan mai laifin na jiki, ka rubuta a ɗan littafin naka wa ya ara da ranar da ya ɗauka.